TSUTSAR CIKI: MU HAƘA MASAI KAFIN MU SA WA MAJAMI'A TAYIL

 Ku yi mini haƙuri, maganar da na kawo a wannan fitowa ba irin wadda aka saba ji daga kan bagade ba ce, gama magana ce ta bayan gida da abin da ke fita daga cikin mutum. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan mu da muke zaune a Shanga da Yauri da Ngaski da tungayen bakin tafkin Kainji muka ji kunyar faɗinta, babu wanda zai taso daga Birnin Kebbi ko Abuja ya faɗe ta a madadinmu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: tsutsar ciki ta yi yawa a cikinmu har mun daina ɗaukarta ciwo, kuma ikkilisiyar da take tara mutum ɗari ko ɗari biyu kowace Lahadi ba tare da masai ba, tana da hannu a cikin wannan yawa. Saboda haka ina kira ga kowace majalisar dattawa ta sa ginin masai a gaban tayil, da sabbin ganguna, da babbar lasifika.

Yawanta ya kai ina?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen biliyan 1.5 ne suke ɗauke da tsutsotsin ciki da ake ɗauka daga ƙasa, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu a duniya. Mafi yawansu suna ƙasashe masu zafi, inda ruwan sha mai tsabta da masai suka yi ƙaranci. A nan gida, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta auna 'yan makaranta a jihohi 19 da Abuja tsakanin 2013 da 2015. An sami tsutsar ciki a jikin fiye da yaro ɗaya cikin huɗu. A wajen tsargiya kuwa, Jihar Neja ce ta zo ta ɗaya, Kebbi ta bi mata, inda aka sami ciwon a jikin kimanin yaro ɗaya cikin biyar. Ku lura, waɗannan jihohi biyu su ne suka raba tafkin Kainji a tsakaninsu.

Ba sai mun jira takarda ba ma. Kowace malamar Makarantar Lahadi ta san yaron da cikinsa ya yi tulu, ƙafafunsa kamar sillen kara, yana gyangyaɗi tun ba a gama addu'ar buɗewa ba. Kowace uwa ta taɓa ganin macijin ciki a kashin ɗanta, ko ta ji maƙwabciya tana ba da labarin wanda ya fito ta baki. Mun gani har ya zame mana jiki. Akwai ma masu cewa kowane mutum da tsutsarsa aka haife shi, wasu su ce zaƙi ne yake kawo ta, wasu kuma su ɗauki fitsarin jini alama ce ta yaro ya fara zama namiji. Duk waɗannan ba gaskiya ba ne. Babu jaririn da aka haifa da macijin ciki, rake da alewa ba sa haifar da tsutsa, fitsarin jini kuma rauni ne a cikin mafitsara.

Ta ina take shiga?

Hanyar ɗaya ce, ko da yake tana da rassa: daga kashin wani zuwa jikin wani. Macen macijin ciki, wadda tsawonta yakan kai tsawon rular ɗan makaranta, tana iya zuba ƙwai wajen 200,000 a rana guda. Ido ba ya ganin ƙwan sai da madubin likita. Idan mai ɗauke da ita ya tsuguna a bayan gari, ƙwan yakan kwanta a ƙasa kamar mako uku ya nuna, kuma yana iya daɗewa a ƙasa mai laima har shekaru bai mutu ba. Ruwan sama ya kwashe shi zuwa fadama da rijiyar da ba ta da murfi, kaji da awaki su tako shi zuwa tsakar gida, yaro mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. Tumatir da latas da aka tsinko a lambu aka ci ba a wanke da kyau ba, su ma hanya ce.

Ta biyu ita ce tsutsa mai ƙugiya. Ita ba ta jiran a haɗiye ta. Ƙwanta yakan ƙyanƙyashe a ƙasa mai danshi, 'ya'yan su huda fatar ƙafar wanda ya taka ba takalmi, su bi jini har su isa hanji, su maƙale suna tsotsar jini dare da rana. Wannan ce take sa mace mai ciki ta yi fari fat, tana haki idan ta ɗauko ruwa daga rafi, ta zo haihuwa ba ta da jinin da za ta yi asararsa.

Ta uku ita ce tsargiya, wadda ta fi shafar mu mutanen bakin ruwa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka tayar da mutum fiye da 40,000 daga tsibirai da gaɓar Kwara, cikinsu har da iyayenmu Gungawa da Kambari da yawa, ruwan da yake gudu a dā ya zama kwantacce a wurare masu yawa. Kwantaccen ruwa mai ciyawa shi ne gidan ƙananan katantanwa da suke rainon wannan cuta. Mai ciwon ya yi fitsari ko kashi a ruwa ko kusa da shi, ƙwan ya fashe, abin da ya fito ya shiga katantanwa ya hayayyafa, sa'an nan ya fito ya huda fatar masunci, ko mai dashen shinkafa, ko mai wanki, ko yaron da yake iyo. Iri biyu ce: wadda take kama mafitsara ta kawo fitsarin jini, da wadda take kama hanji ta kawo jini a kashi, bayan shekaru kuma ta kumbura hanta da saifa, ciki ya cika da ruwa. A jikin mata tana iya taɓa mahaifa ta jawo wahalar samun haihuwa, alhali a gida ana zargin kishiya ko maita.

Akwai ta huɗu da ya kamata mu faɗa wa junanmu gaskiya a kanta, domin ta fi zama tamu. A garuruwan da ake kiwon alade a sake, alade yana cin kashin mutum. Wanda ya ci naman da bai dahu sosai ba yakan kamu da tsila. Abin da ya fi wannan muni shi ne, idan mutum ya haɗiyi ƙwan tsilar alade daga hannu mai datti ko ruwa, 'ya'yanta suna iya zama a ƙwaƙwalwa su kawo farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da wannan tsila ta yi yawa, ita ce sanadin kusan kashi 30 cikin ɗari na masu farfaɗiya. Sau nawa muka kwana muna addu'ar korar aljanu a kan yaro mai faɗuwa, ga alade yana kiwo a bayan majami'a?

Magani yana nan, amma bai isa ba

Mu gode wa Allah, maganin waɗannan tsutsotsi yana da sauƙi. Ƙwaya ɗaya ta albendazol ko mebendazol tana kashe yawancin tsutsotsin hanji, farazikwantel kuma shi ne na tsargiya, ana auna tsawon yaro da sanda a ba shi daidai da shi. Tun 2001 ƙasashen duniya suka amince a riƙa ba yara 'yan makaranta wannan magani a kai a kai, kamfanonin da suke yin sa kuma sun ba da miliyoyin ƙwayoyi kyauta. A Jihar Kebbi, Ma'aikatar Lafiya ta yi shekaru tana raba shi tare da taimakon ƙungiyar Sightsavers. Ƙa'idar ita ce, inda yaro ɗaya cikin biyar yake da tsutsar ciki a ba dukan yara sau ɗaya a shekara, inda ta kai rabi a ba su sau biyu.

Amma akwai ramuka biyu a wannan shiri. Na fari, yawancin rabon a makaranta ake yin sa. Yaron da yake cikin kwalekwale da babansa, da yarinyar da take tallar kifi a kasuwar Yauri ko Wara, da wanda aka tura tsaron tsuntsu a gonar shinkafa, su ne suka fi shiga ruwa da taka ƙasa, su ne kuma rabo ya fi wucewa. Rashin tsaro ya ƙara faɗin wannan rami. Tun bayan sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni 2021, iyaye da yawa suka ji tsoron tura yara makaranta, wasu ƙauyuka kuma suka watse, mutanensu suka cunkushe a gidajen 'yan'uwa da harabar majami'u inda masai ɗaya ma da ƙyar ake samu.

Rami na biyu shi ne, ƙwayar tana kashe tsutsar da take ciki yau, ba ta hana ta gobe shiga. Yaro ya sha magani ranar Talata, ranar Laraba ya koma wasa a filin da ya ɗauko ta. Kafin shekara ta zagayo ya koma gidan jiya. Kamar mai kwashe ruwa ne daga jirgin da ya huje, bai toshe hujin ba. Hujin kuwa shi ne kashi a fili. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna 'yan Najeriya wajen miliyan 48 ne suke yin bayan gida a fili. A 2019 gwamnati ta sa wa kanta wa'adin kawar da wannan ɗabi'a kafin ƙarshen 2025, wa'adin ya zo ya wuce ba a cim ma shi ba.

Me ya haɗa ikkilisiya da masai?

Na san wani dattijo zai ce aikinmu ceton rayuka ne, zancen masai na ma'aikatan tsabta ne. Baba, ina roƙonka ka buɗe Maimaitawar Shari'a sura 23, daga aya 12 zuwa 14. A wurin an umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan sansani, kowa ya riƙe abin haƙa, ya tona rami, ya rufe abin da ya fita daga cikinsa. Dalilin da aka bayar kuwa shi ne kasancewar Allah a tsakiyarsu. Idan Ubangiji bai ga wannan magana ta yi ƙanƙanta da shiga Shari'arsa ba, majalisar dattawa ba ta fi ƙarfin tattauna ta ba. Muna koya wa matasanmu cewa jiki haikali ne na Ruhu Mai Tsarki idan muna yi musu gargaɗi a kan burkutu da fasikanci. Haikalin nan ɗaya ne tsutsa take ci.

Mu dubi kuma abin da yake faruwa lokacin manyan tarurrukanmu. Taron zumuntar mata na gunduma, ko taron matasa, ko na sabon rai, yakan tara ɗaruruwan mutane daga ƙauyuka dabam-dabam har kwana uku ko huɗu. Kwamitin shiri yakan yi lissafin buhunan shinkafa, da man janareta, da kujerun manyan baƙi. Da wuya ka ji an tambayi inda jama'ar nan za su zaga. Da asuba sai mata su ɗauki buta su nufi gonar wani, yara kuma su tsuguna a gindin katanga. An tashi taro an tafi da albarka, an bar wa mutanen garin ƙwan tsutsar ƙauyuka goma. Wannan ba shaida mai kyau ba ce a idon maƙwabtanmu Musulmi da masu bin al'adar gargajiya, waɗanda muke sha daga rijiya ɗaya da su. Mu da muke marasa rinjaye a wannan jiha, halinmu ake fara karantawa kafin a saurari wa'azinmu.

Wani zai ce talauci ne. Gaskiya ne siminti ya yi tsada, kuma ƙasar bakin ruwa yashi ce, rami yakan rufta, ambaliya irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafar Kebbi takan cika shi. Ban raina wannan wahala ba. Amma mun gina majami'u da tubalin da muka buga da hannunmu, mata suna ɗebo ruwa, matasa suna kwaɓa ƙasa. Masai bai kai rabin ɗakin fasto aiki ba. Inda ƙasa take rufta ana iya ɗaure bakin ramin da bulo ko tsofaffin durom, inda ruwa yake kusa ana iya ɗaga shi a kan tudu. Abin da ake bukata shi ne rami mai nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, da daɓe mai ƙarfi, da murfin da zai hana ƙuda, da zana ko katanga don sutura. Baikon godiya na kaka ɗaya ya isa ya fara shi.

Wani kuma zai ce aikin gwamnati ne. I, haƙƙinmu ne mu nemi rijiyar burtsatse da asibiti mai magani daga ƙaramar hukuma, kuma ya kamata shugabanninmu na CAN su riƙa kai wannan kuka tare da na filin gina majami'a. Amma babu gwamnatin da za ta zo ta haƙa rami a bayan gidan kowa. Jigawa, wadda ba ta cikin jihohi masu arziki, ita ce ta fara samun shaidar daina kashi a fili a dukan ƙananan hukumominta a 2022, kuma magidanta ne suka haƙa yawancin masan da kansu bayan masu unguwanni da malamai sun tsaya a kan maganar.

An taɓa yi, an kuma ci nasara

Waɗanda suka manyanta sun tuna kurkunu. A 1988 an ƙirga fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Najeriya. Ciwon ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwo shiga tafki, da haƙa rijiyoyi aka yaƙe shi, Janar Yakubu Gowon kuma ya bi jiha-jiha da ƙauye-ƙauye tare da Cibiyar Carter yana roƙon sarakuna da gwamnoni. An ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan a 2008, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da shi. Yaran da suke Makarantar Lahadi yanzu ba su san kamanninsa ba.

A kudancin Amurka ma, a farkon ƙarni na 20, kimanin yara huɗu cikin goma suna da tsutsa mai ƙugiya, har ana yi wa mutanen yankin gorin lalaci. A 1909 attajirin nan Rockefeller ya ba da dala miliyan ɗaya don yaƙar ta, babban mai ba shi shawara a kan ayyukan taimako kuwa, Frederick Gates, tsohon faston Baftis ne. Magani, da masai, da takalmi, su ne makaman da aka yi amfani da su. Babu ɗaya a cikinsu da ya fi ƙarfinmu a yau.

Abin da nake roƙo

Na ɗaya, kowace ikkilisiya, ECWA ce, ko UMCA, ko Katolika, ko Baftis, ko wata, ta sa wa kanta ranar da za ta gama masai biyu, na maza da na mata, da tulun ruwa da sabulu ko toka a bakin ƙofa. Shugabannin gunduma kada su yarda su keɓe sabuwar majami'a ko gidan fasto sai sun ga masan da idonsu.

Na biyu, kada a ba wani gari masaukin babban taro sai kwamiti ya nuna inda baƙi za su zaga. Ramukan wucin gadi da aka kewaye da zana, aka riƙa zuba musu toka, aka binne bayan taro, sun wadatar.

Na uku, dattawa su fara da gidajensu. Inda kunyar surukai take hana mutanen gida ɗaya shiga masai ɗaya, a haƙa biyu. Kashin jariri ma a zuba shi a masai, gama ba shi da tsarkin da ake zato.

Na huɗu, sakataren ikkilisiya ya je wurin ma'aikacin lafiya na mazaɓa ya tambayi lokacin rabon magani, a yi sanarwa ranar Lahadi, a kuma roƙa a haɗa da yaran da ba sa zuwa makaranta. A ciyar da yaro kafin ya sha na tsargiya. Ɗan jiri ko murɗar ciki da wasu suke ji yakan wuce a yini. Kada mu saurari masu cewa maganin kyauta yana hana haihuwa. Mata masu ciki su je awo, ma'aikatan lafiya sun san lokacin da ya dace a ba su, wato bayan wata uku na fari.

Na biyar, zumuntar mata ta ɗauki zancen wanke hannu bayan zagawa da kafin ba yaro abinci, da rufe randa, da wanke ganye. Idan ana sayen kayan Kirsimeti, silifas ɗin yaro ya zo kafin sabuwar hula. Masu alade su gina musu garke, masu dafa nama su bari ya dahu har ciki.

Na shida, masunta da manoman fadama ba za su bar ruwa ba, gama a nan abincinsu yake. Amma kowa yana iya daina fitsari da kashi a cikinsa, wanda kuma ya ga jini ya tafi asibiti tun da wuri, kada ya tsaya shan jiƙo har ciki ya kumbura.

A ƙarshe, kada mu yi wannan mu kaɗai. Tsutsa ba ta tambayar mutum ko Lahadi yake sujada ko Juma'a. Fasto ya ɗauki dattijo ɗaya su je wurin mai gari da liman, su ce ga abin da muka fara a namu wuri, ku zo mu yi na kasuwa da na bakin mashaya tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna addu'a kullum Allah ya tayar mana da likitoci da malamai da masu bishara daga cikin 'ya'yanmu. Yaron da tsutsa take shanye jininsa ba zai riƙe karatu ba, balle ya kai inda muke roƙa masa. Tayil zai iya jira har baɗi. Ina roƙon kowane sakatare ya sa wannan magana a ajandar zaman dattawa na watan nan, a fito da rana, a fito da wanda zai riƙe diga.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ubangiji ya ba mu ikon aikatawa. Amin.